Taken da Baba Bai Sauke Ba

Ƙanena ya ɗauki kiɗan mahaifinmu ya sa a salula, ya raba wa gari, kuma dalilin haka yayata ta ƙone tun daga gwiwar hannu har wuyan hannu. Ban yafe masa a lokacin ba, kuma ba zan rubuta a nan cewa na yafe ba don a ce ni mai haƙuri ce. Da girmana na shiga lakwal ɗin manya, makarantar yaƙi da jahilci, na koyi riƙon alƙalami, jikokina suna leƙe suna dariya. Ban sha wannan wahala don in zo in rubuta ƙarya ba.

Mu uku Baba ya bari a Matamaye: Yaya, sai ni, sai autanmu namiji. Shi autan yana kiran ta Yaya Babba, ni kuma Yaya Ƙarama, ko da yake yanzu shi ma furfura ta fara fito masa a gemu.

Baba mai garaya ne, kuma ba garayar biki ba. 'Yan bori yake yi wa kiɗa. Na san akwai wanda zai karanta wannan ya taɓe baki. Ya taɓe. Da garayar nan aka ciyar da mu, kuma ban taɓa ganin alfijir ya keto Baba bai yi salla ba. Yadda ya haɗa biyun, tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Garayar tasa fatar gada ce a jikinta, tsirkiya biyu, da ƙwayoyin farin wuri da aka ɗinka a kewayen baki, da tuntun jar fata a wuya wanda innarmu take sabuntawa duk shekara tana mita. A kan ƙusa take rataye a ɗakinsa, kuma babu yaron da yake kai mata hannu.

A wannan kiɗa kowane iska da takensa. In aka kaɗa taken, wanda iskan yake tare da shi sai jikinsa ya amsa. Wannan kowa ya sani. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne abin da Baba yake kira saukewa. Ba ya ajiye garaya a kan kira. In ya kira, sai ya raka. Zai rage gudun hannu, ya koma kan babbar tsirkiya, mai kaɗa masa buta, wato goran nan mai tsakuwa a ciki, shi ma ya riƙa tsallake bugu, kiɗan ya yi ta yin ƙasa har matar da ke tsakar fili ta yi atishawa. Da ta yi atishawa an gama. Sai a lulluɓe ta da zane, a ba ta ruwa, ta tashi tana tambayar ina takalmanta. Ko a gida ne, yana gwada sabuwar tsirkiya, in yatsunsa suka zame suka faɗa wani take, to ba zai rataye garayar ba sai ya sauke shi, ko da kuwa babu kowa a tsakar gidan sai kaji. Tuwo ya sha hucewa a gabansa saboda haka. Innarmu takan ce, “Malam, kajin ne za su hau?” Ba ya ko ɗaga kai.

Yaya kuwa tana da nata taken, ba don ta nema ba. Bayan haihuwarta ta fari magana ta ɗauke mata, ƙafafu suka ƙi ɗaukar ta. An kai ta likita a nan, an kai ta Damagaram, ta sha rubutu har haƙoranta suka yi baƙi. Daga ƙarshe Baba ya ɗora ta a amalanke ya kai ta Dungu aka yi mata girka, irin jinyar 'yan bori, shi da kansa ya yi wa 'yarsa kiɗa yana bin take ɗaya bayan ɗaya har ya taka wanda jikinta ya amsa. Ta dawo da ƙafarta. Ni ban ce iska ne ba, ban ce ba iska ba ne. Na ga an tafi da ita a kwance, na ga ta dawo tana faɗa da mai amalanke. Tun daga nan ba ta ƙara zuwa inda ake wasa ba, shi kuma Baba bai ƙara kaɗa wannan take a inda za ta ji ba. Ta haifi sauran 'ya'yanta, ta binne miji, ta kafa kaskon ƙosai a bakin tasha. Ni ina gefenta da robar koko. Mun tsufa tare a wannan wuri, tana zagin masu neman gyara, ina taya ta.

Ciwon ajalin Baba ya same shi da kaka, kafin maza su fara tafiya cin rani. Auta yana gida. Shi duk rani Kano yake tafiya, yana tallar caja da abin sawa a kunne da rigunan salula. Wata rana da hantsi, ina zaune bakin ƙofar ɗakin Baba ina tankaɗe, sai na ji yana lallashin sa.

“Baba, kaɗan kawai. Don mu riƙa jin hannunka.”

“Hannun da ba ya riƙe ludayi?”

“Garaya ta fi ludayi sanin ka.”

Baba ya yi dariya, ya ce a jingina shi. Auta ya sauko da ita ya ɗora masa a cinya, ya kafa salula kusa da tsirkiyar. Yaya tana tasha, saboda haka babu abin tsoro. Kuma cikin duk takunan da Baba ya sani, nata yatsunsa suka je suka ɗauko. Wataƙila don shi ya fi daɗewa a tsare. Ban taɓa jin ya kaɗa abu da daɗi haka ba, har na daina tankaɗen. Yana tsakiya, daidai inda kiɗan yake hawa, tari ya sarƙe shi. Garayar ta zame kan tabarma. Da numfashinsa ya dawo sai ya kama hannun rigar Auta.

“Ban sauke ba. Kada ka kunna wa kowa. In na samu ƙarfi gobe sai in ƙarasa.”

“To, Baba.”

Da kunnena na ji wannan “to”. Baba bai ƙara samun ƙarfin ba. Muka yi zaman makoki, aka yi sadakar arba'in, Auta ya ɗaure kayansa ya tsallaka iyaka, garaya ta koma kan ƙusarta.

Damina ta sauka, maza suka dawo noma. Wata safiya tasha ta cika, man Yaya yana tafasa, tana sakin ƙullu da hannu ɗaya tana juyawa da matsami da ɗayan. Wani ɗan kabu-kabu ya tsaya gabanta, kofin koko a hannu guda, ɗayan yana miƙa takarda a zuba masa ƙosai. Sai na ji Baba. Daga aljihun rigar mutumin nan yake fitowa, siriri kamar ta cikin kara, amma shi ne, har da ɗan karcen da farcensa yake yi a kan fata. Abin da na fara ji a raina daɗi ne, Allah ya sani. Sannan na waiwaya.

Matsamin yana tsaye a sama. Idanun Yaya a buɗe suke amma ba kaskon take kallo ba. Kafaɗarta ta dama ta fara motsi.

“Ɗauki kiran,” na ce da shi.

“Inna, ba ki ga hannuna ba? Bari ya gaji, na san mai kiran.”

“Kashe shi.”

Kiɗan ya kai inda tari ya yanke Baba, ya tsaya cak, sannan ya koma farko. Haka abin yake a salula, ashe. Ya kira, ya yanke, ya sake kira. Na kifar da ludayina na yi kan aljihunsa, shi kuma ya ja baya yana tsammanin na haukace. Kafin in kai gare shi Yaya ta miƙe tsaye, ta yi wani dogon numfashi wanda rabon da in ji shi tun zamanin girkarta, ta tafi gaba ɗaya. Na cafko zanenta ta baya. Da ban cafko ba fuskarta ce za ta shiga. Hannunta ya daki bakin kaskon, man ya bi shi.

A likita suka wanke, suka shafa magani, suka naɗe. Matar da ta yi aikin mai kirki ce. Ta tambaye ni ko Yaya tana da farfaɗiya, na ce ba ta da ita. Ta ba mu ƙwayoyi, muka karɓa, kuma na tabbatar tana sha. Ni dai duk tsawon zaman nan abu ɗaya nake jira, kuma bai zo ba. Yaya ba ta yi atishawa ba.

Na dawo da ita tsohon gidanmu, na sa ta a ɗakin innarmu da ke jikin na Baba. Ta farfaɗo, amma rabi. In ka yi mata magana za ta amsa, bayan ka manta ka yi tambayar. Tana zama da kai a karkace kamar mai jiran a ƙarasa mata zance. Babban yatsan ƙafarta yana buga ƙasa, ko tana barci. Matar da ba a taɓa kayar da ita a musu ba, sai ga shi ana sa mata cokali a baki tana haɗiya ba gardama. Ba a daɗe ba wani ya wuce ta bayan katanga salularsa tana wannan kuka, na tarar da ita ta taso ta nufi murhu ido buɗe. Daga ranar na toshe mata kunne da auduga, na daina hura wuta sai da wani a kusa da ita, na sa aka ɗora dutse kan murfin rijiya.

Na fara bin maza ɗaya-ɗaya. In na ji kiɗan a kasuwa sai in tsaya in ce a goge. Wasu suka goge don kunya. Wasu suka ce to, ina juya baya suna dariya. Kowa na tambaya inda ya samu sai ya nuna mini rumfar mai caji da ke bakin kwalta, wanda yake tura wa mutane waƙoƙi. Na je na same shi cikin wayoyinsa kamar gizo.

“Wa ya ba ka kiɗan ubana?”

“Inna, sannu da zuwa dai tukuna.”

“Na ƙi sannun. Wa ya ba ka?”

“Ɗan'uwanki mana. Ya kawo salularsa caji ta yi ƙara, mutane suka ce suna so. Ai abin alfahari ne. Tsoho ya rasu amma ya fi mawaƙan Kano kasuwa.”

“Goge shi.”

“Na goge nawa yanzu a gabanki, ga shi. Amma na Tsauni fa? Na Icirnawa fa? Ranar kasuwa har wani direba ya tafi da shi Damagaram. Sai dai ki ɗauki tsintsiya ki bi su.”

Masu zama a bencinsa suka yi dariya. Na dube su ɗaya bayan ɗaya har dariyar ta mutu, amma gaskiya ya faɗa, kuma na san gaskiya ya faɗa.

Duk wannan lokaci Auta yana gona. Yana fita tun ban tashi ba, ya aiko matarsa da fura, ya tsaya daga zaure ya tambayi mai jiki. Na ƙyale shi har ranar da na dawo daga rumfar nan. Bayan la'asar na ji ya jingina hauya, na leƙa na ce ya same ni ɗakin Baba. Ya shigo da ƙasar gona a ƙafa, ya zauna bakin gado, a ƙarƙashin garayar.

“Me Baba ya ce maka a kan tabarmar nan?”

“Yaya Ƙarama, wallahi ban yi nufin...”

“Ban tambaye ka nufi ba. Me ya ce?”

“Ya ce kada in kunna.”

“Kai kuma ka ce me?”

 Da yake namiji ne, sai ya nemi hujja. Ya zaro salula daga aljihu.

“Ki tsaya ki gani. Ba mu kaɗai ke da irin wannan ba. Tun da Baba ya rasu nake tara su. Duk duniya ana ɗauka ana nunawa, ba wanda ya mutu. Duba.”

Ya matso ya kunna. Na farko wasu mutane ne na ƙasar ƙanƙara, cikin rigunan gashi, wani tsoho yana riƙe da ganga mai faɗi kamar babban faifai, yana bugun gefenta da sanda yana lanƙwasa jiki. Na biyu ya ce Koriya ce. Wata mata cikin riguna kala-kala, da mafici a hannu ɗaya, ƙararrawa a ɗayan, tana tsalle a wuri guda, a bayanta ana dukan wata ganga mai siririn ƙugu kamar kalangu ya yi ƙiba. Ban san yarenta ba amma na san idon nan. Na gan shi a bakin kasko.

“Kin gani? Su ma suna da nasu mutanen. Ga shi a salula, ina kallo ina cin gyaɗa.”

“Kai ƙarshensa.”

“Dogo ne.”

“Kai ƙarshen na ce.”

Ya ja da yatsa. A ƙarshen matar ta tuɓe manyan rigunan, ta fito bakin ƙofar gida da kwano, tana watsa abinci waje, gangar tana bin ta a hankali. Shi bai taɓa kaiwa nan ba, na gani a fuskarsa.

“Rakiya take yi,” na ce.

Ya yi sauri ya danna na uku. Ya ce waɗannan baƙaƙe ne kamar mu, 'yan asalin Ostiraliya, suna busa wani dogon icce, jikinsu da zanen farar ƙasa ɗigo-ɗigo. Amma kafin hoton ya fito, allon ya yi baƙi da farin rubutu, ya kai yatsa zai tsallake. Na riƙe hannunsa.

“Mene ne wannan?”

“Surutun farko ne, duk suna da shi. Faransanci ne ma, ni ban iya ba.”

Ni ma ba iyawa na yi ba. A lakwal sai da muka gama Hausa aka fara ɗanɗana mana faransanci, kuma ina karanta shi ne kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Na sa ya tsayar da hoton, na karɓi salular. Na bi baƙaƙen da yatsa, bakina yana motsi, shi yana huci. Ban gane duka ba. Na gane “murya”, na gane “hoto”, na gane “waɗanda suka mutu”. Da na haɗa sai na fahimci gargaɗi ne ga dangin mutanen: a cikin abin nan akwai muryar mamatanku, wanda bai shirya ba kada ya kalla.

Na faɗa masa. Na ce, “Waɗannan ko sallama suna yi kafin su shigo wa mutum da mamacinsa. Kai ka zuba ubanmu a aljihun kowane ɗan kabu-kabu, yana kira a tasha, yana kira a bayan gida, ba mai amsawa sai mace ɗaya.”

Ya sunkuyar da kai. Da ya yi magana muryarsa ta canja.

“Ke kina nan. Kina ganin ɗakinsa, kina ganin kabarinsa. Ni a Kano mu nawa ne a shago ɗaya, ba wanda ya san ubana. In ta yi ƙara sai in ji kamar shi ke nema na. Wani lokaci ba na ɗauka, don kada ya yanke.”

Maganar ta taɓa ni. Ban nuna masa ba, don hannun Yaya yana naɗe a ɗaki na gaba.

“To ya yanke. Kullum a wuri ɗaya yake yankewa. Yanzu wa zai ƙarasa?”

“Baba ya tafi da abinsa.”

“Bai tafi da shi duka ba.”

Masu garayar da suka yi zamani da Baba sun ƙare, waɗanda suka rage kuma na biki ne, ba su san wannan take ba balle saukewarsa. Amma akwai tsohon da ya kaɗa wa Baba buta tun suna samari, yana nan da rai a Dungu, idonsa ya tafi. Shi bai taɓa riƙe tsirkiya ba, amma babu saukewar da Baba ya yi wadda ba ya gefensa, har da ta ranar girkar Yaya. Yana da ita a baki. Abin da babu shi ne hannu.

“Ka ɗauki garayar nan ka je ya rera maka, kai kana nema a tsirkiya. Kana yaro kana satar kaɗa ta, na sha rufa maka asiri.”

Ya ɗaga kai ya dubi garayar, ya shafa gemu.

“Yaya Ƙarama, ki dubi matsayina. Ina sahun gaba a masallaci. Surukaina fa? A ce an gan ni da garayar bori a kan hanya?”

“A aljihu kana iya ɗaukar ta, a kafaɗa ne ba ka iyawa.”

“Ba haka ba ne. Mu ƙara kai ta likita. Mu samu malam ya yi mata addu'a.”

“Za mu kai ta. Malam ma ya zo, ya yi, Allah ya saka masa. Ka taɓa jin na hana? Amma kiɗan nan ya riga ya shiga gari, ba ya fita. Yau ko gobe za ta sake jin sa, ko a gidan suna ko a bakin rijiya. Dole gidan nan a samu mai saukewa.”

Salular tana hannuna har lokacin, da baƙin allon da farin rubutun. Sai ta yi rawa a tafina, rubutun ya ɓace, Baba ya fara.

Auta bai ma canja kiɗan ba. Bayan ƙunar, bayan murhu, bayan duk yawon da na yi a kasuwa, nasa yana nan. Ya zaburo zai karɓa, ni kuma ina ta danna gilashin ban san inda ake kashewa ba, muka yi karo, kiɗan yana hawa. Tsakaninmu da Yaya bango ɗaya ne na ƙasa da 'yar auduga. Randar Baba tana bayan ƙofa, har yanzu ina cika ta don sabo. Na ɗage faifan na saki salular a ciki.

Ba ta mutu nan take ba. Muna tsaye muna jin garayar daga ƙarƙashin ruwa, tana kumfa, har ta kai wurin tarin. Sannan shiru.

Auta ya buɗe baki, ya dubi bayana, ya rufe. Na juya. Yaya tana tsaye a bakin ƙofa, audugar kunne ɗaya ta faɗo kan kafaɗarta, hannun da aka naɗe yana ɗagawa yana sauka shi kaɗai. Ba ta faɗi ba. Ta dube mu, ta dubi ƙusa.

“Baba bai gama ba,” ta ce a hankali. “Tun ɗazu nake tsaye.”

Wannan ce magana mafi tsawo da ta yi tun ranar tasha. Na kama ta na mai da ita ɗaki, jikinta yana rawa kamar na mai zazzaɓi, na zauna na riƙe mata babban yatsan ƙafa har aka kira magariba. Na shaƙa mata barkono ma, don wauta, ko za ta yi atishawa. Hawaye kawai ta yi. Ina jin Auta ya tsamo salularsa ya fito tsakar gida, yana kwance ta gunduwa-gunduwa yana shanyawa a kan turmi.

A garinmu mace ba ta kaɗa garaya. Tana iya kaɗa ƙwarya, tana iya guɗa, tana iya faɗuwa a fili a lulluɓe ta, amma tsirkiya ta maza ce. Ban taɓa jin wanda ya faɗi dalili ba. Haka aka ce da ni game da alƙalami, kuma yatsun nan da suka ƙage da surfe sun koyi lanƙwasa baƙaƙe, ko da yake malamarmu ta kusa yin kuka kafin su koya. Tsirkiya biyu ce kawai. Ba wasa zan buɗe ba, ba kiran kowa zan yi ba. Rabin take ɗaya nake so, na ƙarshe.

Da gari ya waye na yi salla, na ba Yaya ƙwayoyinta da koko. Na shiga ɗakin Baba na taka gado na sauko da garayar. Ta fi yadda nake zato rashin nauyi. Ƙaramar tsirkiyar ta saki, ƙura ta cika tsakanin ƙwayoyin wurin. Na ɗauko zane zan naɗe ta, sai na tuna maganar sahun gaba, na mai da zanen inda yake.

Auta yana zaure da hauya a kafaɗa. Ya ga abin da ke hannuna, ya sauke hauyar.

“Yau ba gona,” na ce. “Ka zauna bakin ƙofarta. Kada a hura wuta, kada a buɗe rijiya. In wani ya tsaya a bayan katanga da salula, ka fita ka kore shi, ko limaminku ne.”

“Yaya Ƙarama, haka za ki bi gari da ita?”

 Na bi ta gaban rumfar mai caji, na bi ta gaban wurinmu, inda har yanzu ƙasa take baƙi da mai. Masu shan shayi suka bi ni da ido. A bakin tasha 'yan kabu-kabu suna jere, kuma wanda ya fara turo babur gabana shi ne mutumin ranar nan. Da ya gane ni sai ya so ya juya.

“Tsaya. Ina salularka?”

“Na goge, Inna, wallahi tun ranar.”

“Kashe ta duk da haka.”

Ya kashe, ya nuna mini baƙin gilashin. Na tattare zanena na hau, na kafa garayar a cinya, wuyanta ya wuce kafaɗarsa, jan tuntun yana taɓa masa kunne.

“Ina muka nufa?”

“Dungu,” na ce. “Ka bi a hankali wajen ramuka, fatar ta tsufa.”